Zink da jijjigar zazzaɓi a jikin yara: tambayoyin iyaye mata a Legas da amsoshinsu

Duk uwar da ta taɓa ganin ɗanta ya sandare, idanu sun kafe sama, hannu da ƙafa suna fizga, jiki kuma ya yi zafi rau, ba ta mantawa da ranar. Mu muna ce wa abin jijjiga, wasu su ce taune-taune, maƙwabtanmu Yarbawa su ce giri. 'Yan shekarun nan wata magana ta shigo hirar mata a Agege da Idi-Araba da Mile 12, wai ƙarancin zink ne ke kawo ta, wai in ana ba yaro ƙwayar zink shi ke nan an rabu da ita. Maganar tana da tushe, sai dai an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kai, da abin da ya tabbata.

Mece ce jijjigar zazzaɓi? Ita ce farfaɗiya?

A'a. Farfaɗiya tana buge mutum ko jikinsa da sanyi, kuma tana maimaituwa ba tare da wani abu ya tayar da ita ba. Jijjigar zazzaɓi kuwa sai da zazzaɓi take zuwa, zafin da ya kai digiri 38 ko ya wuce, kuma ta yaran da ke tsakanin wata 6 da shekara 5 ce. Ta fi kama 'yan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A cikin yara 100, biyu zuwa biyar za su yi ta aƙalla sau ɗaya kafin su wuce waɗannan shekarun.

Likitoci sun kasa ta gida biyu. Akwai mai sauƙi, wadda ke kama jiki duka, ba ta kai minti 15, ba ta kuma dawowa cikin awa 24. Yawancin yara ita suke yi, kuma galibi cikin minti biyu ko uku ta lafa. Akwai kuma mai sarƙaƙiya, wadda ta daɗe, ko ta kama ɓari ɗaya na jiki, ko ta sake dawowa a yini guda. Abin yana bin jini. In kin bincika, sau da yawa za ki tarar uban ko ke kanki kun yi da ƙuruciya, kakar yaron ce kawai ba ta taɓa ba ki labari ba.

Shi zink ɗin mene ne? Ba shi ne na kwanon rufi ba?

Shi ne. Ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, shi ɗin ne jiki ke buƙata, amma ɗan mitsitsi. Babban mutum gaba ɗayansa giram 2 zuwa 3 yake ɗauke da shi. Da wannan ɗan kaɗan ɗin enzayim fiye da 300 suke aiki, wato sinadaran da ke tafiyar da girma, warkewar rauni, garkuwar jiki, har da jin ɗanɗanon abinci. Jiki ba shi da rumbun da yake tara zink ya riƙa ɗiba lokacin rashi, saboda haka dole abinci ya riƙa kawo shi kullum.

Ba a ma daɗe da sanin ɗan Adam yana iya rasa shi ba. Wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, shi ya gano haka a farkon shekarun 1960, a jikin wasu samarin ƙauye a Iran da Masar da suka tsumbure ba su balaga ba, waɗanda kusan gurasa zalla suke ci.

To me ya haɗa shi da ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne kamar mota, da totur da birki. Wani sinadari mai suna gulutamet shi ne totur, yana zuga jijiyoyi su aika saƙo. Wani kuma mai suna GABA shi ne birki. Jijjiga tana faruwa lokacin da totur ya rinjayi birki, jijiyoyi masu ɗimbin yawa suka tashi lokaci guda.

Zink yana da hannu a ɓangarorin biyu. Enzayim ɗin da ke mayar da bitamin B6 yadda jiki zai iya amfani da shi yana aiki da zink, kuma da wannan B6 ɗin ake ƙera GABA. Sannan zink yana zama a kan wasu ƙofofin da gulutamet ke shiga ta cikinsu, ya rage musu kaifi. Daga nan masana suka yi tunanin cewa in zink ya yi ƙasa, birki zai yi sanyi, totur ya ƙara ƙarfi, zazzaɓi kuma ya zo ya ingiza. A takarda lissafin ya zauna daram. Jikin yaro kuwa ba takarda ba ne, shi ya sa aka shiga aune-aune.

Da aka auna, an samu yaran da ke jijjiga suna da ƙarancin zink?

An samu, a bincike da yawa. A Iran, Indiya, Turkiyya, Masar, har da nan gida a birnin Benin, an ɗibi jinin yaran da suka yi jijjigar zazzaɓi aka gwada da na wasu yaran, kuma a yawancin binciken zink ɗin masu jijjigar ya fi ƙasa. Wasu binciken ba su ga bambanci ba. Amma rinjaye yana wajen waɗanda suka gani.

Nan ne ake yi wa maganar gajeriyar fahimta, don haka bari in tsaya a kai. Zazzaɓi shi kansa yana saukar da zink na cikin jini. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana aika saƙo, hanta ta janye zink daga jini ta riƙe. Dabara ce ta yaƙi, domin su ma ƙwayoyin cutar suna buƙatar zink su hayayyafa, sai jiki ya ɓoye musu abinci. Ke nan in an kawo yaro asibiti da zazzaɓi mai zafi aka auna jininsa aka ga zink ƙasa, ba lallai ya zama abincinsa ne ya gaza ba. Mai yiwuwa zink ɗin yana nan, wuri kawai ya sauya.

Masu bincike sun san da wannan, shi ya sa masu lura a cikinsu suke gwada mai jijjiga da yaron da shi ma yake zazzaɓi amma bai jijjiga ba. Ko a hakan an sha ganin bambanci. Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba: bayan jijjigar ake ɗibar jinin, ba kafinta ba. Ba a san yadda zink ɗin yaron yake mako guda kafin ya kwanta ba. Wataƙila cutar da ta kama mai jijjigar ta fi tsanani, ta fi janye zink. Wataƙila yaron da ke da ƙarancin zink yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini ma, tunda abinci iri ɗaya ke kawo su, kuma shi ma ƙarancin jini an alaƙanta shi da wannan jijjiga. Ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Duk inda gobara ta tashi za ki ga motar kwana-kwana, ba ita ta kunna wutar ba.

A ganina, abin da za a iya faɗa da gaba gaɗi shi ne akwai alaƙa. Cewa ƙarancin zink ne sanadi, wannan ba a kai gare shi ba.

Yarona ya taɓa yi sau ɗaya. In saya masa ƙwayar zink a kemis ya riƙa sha kullum?

Kada ki saya. Hanya ɗaya da ake tabbatar da magani ita ce a ba wasu yara, a hana wasu, a zuba ido a ga waɗanda abin zai dawo wa. An yi irin wannan gwajin da zink a Iran, da yara 'yan kaɗan. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magani ta tace su, ta duba magungunan hana dawowar jijjigar zazzaɓi a 2017 ta kuma sabunta a 2021, kuma ba ta samu hujjar da ta isa a ce zink yana hanawa ba.

Sannan zink ba alewa ba ne. Ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 3 yake buƙata a rana, ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma miligiram 5. Ƙwayar da ake sayarwa ta yara miligiram 20 ce. Shan ta na 'yan kwanaki bisa dalili ba matsala, amma a ɗauki watanni ana ɗirka wa yaro, sai ta hana hanji tsotsar wani sinadarin, kofa, wato jan ƙarfe, ƙarshenta a samu ƙarancin jini da raunin garkuwar da aka ce ana ginawa. Ga tashin zuciya da amai, musamman in ciki ba komai. In likita ya duba yaron ya ga alamar tamowa ko rashin girma ya rubuta masa, wannan daban, ki ba shi yadda aka rubuta.

Amma ai a asibiti da kansu suka ba mu zink lokacin da yake gudawa.

Ƙwarai, kuma sun yi daidai. Wannan shi ne wurin da amfanin zink ya tabbata ba tantama. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce duk yaron da ke gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari da zink: miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma miligiram 10. Yana rage tsawon gudawar, yana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da cikin ya tsaya. A cika kwanakin.

In kai shi a auna zink ɗin jininsa mana, in huta da zullumi?

Ba zai hutar da ke ba. Awon yana hawa da sauka da lokacin yini, da ko yaro ya ci abinci, da ko yana fama da wata cuta. Masana suna amfani da shi su gane halin da al'umma guda take ciki, amma a kan yaro ɗaya yana yaudara. Ba ya cikin gwaje-gwajen da ake yi wa yaro mai jijjigar zazzaɓi. Kuɗin ki kai su wajen mai nama.

Wane abinci ne ke da shi? Mu fa ba masu hali ba ne.

Nama ne kan gaba, jan nama da hanta. Sai kifi, jatan lande irin busasshen nan da ake dakawa a zuba a miya, kaza, da ƙwai. A cikin tsirrai akwai wake, waken suya, gyaɗa, agushi da riɗi. Gari da sauran abincin rogo kusan fanko ne ta wannan fuskar, farar shinkafa ma ba ta taka kara ta karya ba. Ganda tana da daɗin tauna, amma ba ta maye gurbin tsoka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da yawa daga naman da Legas ke ci ta hannun mutanenmu yake bi, daga mayankar Oko-Oba har teburin mai tsire na bakin titi, amma sai ki shiga gidan mai sana'ar ki tarar ɗan wata tara koko zalla yake sha safe da yamma. Ba rashi ne kaɗai ba, akwai al'ada. Ana cewa yaro bai da haƙorin cin nama, ko ƙwai zai sa shi sata. Haƙori ba hujja ba ne, tunda ana iya dafa hanta ta yi laushi a murƙushe, ana iya daka dambun nama ko busasshen kifi a barbaɗa a kunu ko fate. Gutsure kamar girman ɗan yatsa, sau da yawa a mako, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne daga wata 6. Zink na cikin nono yana da sauƙin tsotsa, amma yana raguwa wata bayan wata, kuma daga wata shida ba ya isar yaro shi kaɗai. A ci gaba da shayarwa, a ƙara da abinci mai zink.

Gero da dawa da masara suna da zink, sai dai suna ɗauke da wani abu mai suna fayitet da ke ƙanƙame shi ya hana hanji ɗauka. Abin sha'awa, kakanninmu sun riga sun samo maganinsa ba tare da sun san sunansa ba. Jiƙa hatsi ya kwana, barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko, da barin hatsi ya yi tsiro, duk suna karya fayitet. Don haka kamu mai tsami ya fi garin da aka niƙa a bushe aka dama nan take. In kika zuba masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, kika ɗan ƙara garin jatan lande, kin yi abin kirki da kuɗi kaɗan. Gyaɗa dai a niƙe, kada a ba ƙaramin yaro ƙwaya, tana shaƙewa.

Ɗana mai sikila ne. Shi ma haka?

Masu sikila sun fi saurin rasa zink domin yana fita a fitsarinsu, kuma akan rubuta wa wasunsu. Wannan hukuncin likitan da ke ganinsa ne. Amma ki riƙe wannan: zazzaɓi a jikin mai sikila, da jijjiga ko babu, na asibiti ne a ranar.

Yana cikin jijjigar, me zan yi?

Ki kwantar da shi a ƙasa ko kan tabarma, a gefensa, don miyau ko amai ya gangaro waje. Ki kawar da abin da zai buge shi, ki sassauta masa riga, ki dubi agogon waya ki riƙe lokacin da ta fara. In akwai wani kusa, ya ɗauki bidiyo, zai taimaki likita fiye da duk bayanin da za ki yi a ruɗe.

Kada ki sa masa cokali ko yatsa ko tsumma a baki. Ba wanda ke haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori yana yaga dasashi. Kada ki danne shi. Kada ki ɗura masa ruwa ko manja ko magani, don huhu za su tafi. Kada a sheƙa masa ruwan sanyi.

In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a tafi asibiti mafi kusa nan take, ko a kira 112 ko 767. Kin san cunkoson garin nan. Ba lokacin da za a ce sai manyan asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH ko asibitin yara na Massey ba ne in suna da nisa. Duk inda ake da allurar tsayar da jijjiga da abin auna sukari, nan ne wurin zuwa, in ya so daga baya su tura ku gaba.

Kakarsa ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Maƙwabciyata kuma ta kawo wani jiƙo a kwalba.

Addu'a ba ta hana komai, Hajiya ta yi ta tofa masa kuna hanyar asibiti. Hayaƙi a fuskar yaron da numfashinsa ke sarƙewa kuwa cutarwa ce, haka kara ƙafarsa a wuta, haka matsa albasa ko barkono a ido. An ga yaran da jijjigar ta wuce cikin minti biyu, ƙunar ƙafar ta zauna musu har girma.

Jiƙon kwalbar nan ki yi hattara da shi matuƙa. A ƙasar Yarbawa akwai wani sanannen haɗi na giri da ake yi da fitsarin saniya da ganyen taba da wasu ganyaye. Likitocin yankin nan sun daɗe suna rubutu a kansa: yana faɗar da sukarin jini, yana danne numfashi, kuma ya kashe yara. Maƙwabciyarki da zuciya ɗaya ta kawo. Ki yi mata godiya, ki ajiye kwalbar.

Ya farfaɗo har yana wasa. Dole sai na kai shi?

Dole. Abin da ake nema shi ne me ya kawo zazzaɓin. A ƙasashen Turai galibi mura ce ko wata ƙwayar bairos mai wucewa. A nan kuwa zazzaɓin cizon sauro yana sahun gaba, kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya faɗar da sukari. Ga sanƙarau, wanda a jikin ƙaramin yaro ba lallai wuya ya sanƙare ba. Ga ciwon kunne, ciwon huhu, da cutar mafitsara. Za a ɗan huda yatsa a duba maleriya da sukari. In likita ya ce sai an ɗebi ruwan baya, kada a gudu da yaro. Ita ce hanyar gane sanƙarau, kuma jinkirin gane shi ne ke kurmantar da yara ko ya nakasa su.

Kada a jira gari ya waye in yaron bai kai wata 6 ba, ko bai dawo hayyacinsa ba bayan awa guda, ko jijjigar ta dawo, ko ɓari ɗaya ta kama, ko yana ta amai, ko maɗigarsa ta kumbura. Kuma kada a ce haƙori ne. Fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓin da zai kai ga haka.

In na riƙa ba shi farasitamol da zarar jikinsa ya ɗumama, zai hana?

Zai sa ya ji daɗin jikinsa, ya sha nono, ya yi barci, kuma wannan ya isa dalilin ba shi, gwargwadon nauyinsa. Amma gwaje-gwaje ba su nuna yana hana jijjiga a zazzaɓi na gaba ba. Sau da yawa ma jijjigar ce ke fara sanar da uwa cewa akwai zazzaɓi. Saboda haka in ta zo, ba sakacinki ba ne. Asfirin kuma ba a ba yara.

Zai sake yi? Zai taɓa masa ƙwaƙwalwa?

Kusan yaro ɗaya cikin uku yana sakewa a wani zazzaɓin. In ta farko ta zo kafin ya cika shekara, kusan rabi ne. Tarihin gida yana ƙara yiwuwar haka. Mai sauƙin ba ta rage basira, ba ta hana karatu, kuma yaran da aka bi diddiginsu har makaranta ba su bambanta da 'yan ajinsu ba. Waɗanda ke zama masu farfaɗiya daga baya kamar ɗaya ne zuwa biyu cikin 100, ɗan sama kaɗan da sauran yara. Adadin ya fi haka ga mai sarƙaƙiyar, ko yaron da dama yake da jinkirin girma, shi ya sa su ake ba su ranar dawowa asibiti.

Abin da ke hannunki shi ne rage yawan zazzaɓin kansa: gidan sauro kowane dare, musamman ga masu zama kusa da kwata da lambatu, cika allurar rigakafi, da wanke hannu kafin ba shi abinci. Yaron da jijjigarsa ke daɗewa, likita yana iya ba ku maganin da ake sa wa ta dubura ku ajiye a gida, ya koya muku yadda ake yi. In an ba ku, ki nuna wa babansa da duk wanda kike bar wa yaron inda kika ajiye shi, ki kuma riƙa duba ranar lalacewarsa a jikin kwalin.